Idan kamfani ya rabu, uwa za a saya ko ɗa?

Sabon Shiga: Salamu alaikum manyanmu. Tambaya gare ni. A watan Fabrairun 2025 Honeywell ya sanar zai rabu gida uku: ɓangaren kayan jiragen sama daban, na na'urorin sarrafa masana'antu daban, na sinadarai daban. Na duba abin da ya faru da General Electric, wato GE, wanda ya riƙe hannun jarinsa tun kafin a raba shi yau sai hamdala. GE Vernova, ɓangaren lantarki da aka cire daga cikinsa, shi kaɗai daga wajen dala 140 ya fara a Afrilun 2024, a Yulin 2025 ya haura dala 600. To ba sai mutum ya shiga Honeywell tun yanzu ya zauna jiran rabo ba?

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Honeywell mai fulawa da taliya? Ai na ji Flour Mills sun saye shi tuni.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ba shi ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Wannan na Amurka ne, a kasuwar can ake cinikinsa.

Alhajin Kwari: To madalla. Ku ci gaba, muna saurare.

Malam Akawu: Ƙanena, kafin a je ga saye, a fara gane me ake ba mutum ranar rabo. Ba kyauta ba ce. Kamfaninka ne aka yanki wani ɓangare nasa aka yi masa rajista daban, aka miƙo maka takardarsa. A GE, duk mai hannun jari 4 an ba shi 1 na Vernova. Ranar 1 ga Afrilu 2024 GE ya rufe a wajen dala 175. Washegari ya rufe a wajen 136, Vernova kuma a wajen 140. Raba 140 gida huɗu, 35 ke nan. Haɗa da 136, ka samu 171. Wato wanda ya kwana da 175 ya wayi gari da kusan abin da ya kwana da shi, sai dai yanzu a wuri biyu yake. Haka aka yi a Janairun 2023 da aka cire GE HealthCare, ɓangaren na'urorin asibiti, 1 a kan kowane 3. Ranar rabo ba a ƙirƙiri ko sisi ba. Duk ribar da ka gani daga baya ta zo, kuma tana da dalilanta da ba lallai Honeywell ya same su ba.

Maman Ilham: Malam Akawu ka tuna min. A rukunin matan da muke haɗa kuɗi muna saye, ranar nan sai da waya ta yi zafi. Manhajar da wasu ke amfani da ita ta nuna GE ya faɗi sama da kashi 20 cikin ɗari, jajir, alhali sabon hannun jarin bai shigo asusu ba sai bayan kwanaki. Ka ce wa mace ta kwantar da hankali tana kallon jan lamba? Wata har ta fara cewa an cuce mu. Da Vernova ɗin ya shigo kuma sai aka rubuta kuɗin sayensa sifili, sai ya zama kamar riba ce zalla ta faɗo daga sama.

Malam Akawu: Hajiya, kin taɓo inda gizo ke saƙa. Lambobin biyu duk ƙarya ne, jan da koren. Abin da ya kamata shi ne a raba kuɗin da mutum ya saya tun farko tsakanin uwa da ɗa gwargwadon darajarsu ranar rabo. A lissafin da na yi sama, wajen kashi huɗu cikin biyar na GE ne, ɗaya na Vernova. Kamfanin ma yana fitar da takarda ta musamman saboda haraji da ke faɗin yadda za a raba, amma ba kowane dillali ke gyara allonsa da wuri ba.

Kuma zuciya da allon take aiki, ba da lissafi ba. Daniel Kahneman da Amos Tversky tun 1979 suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya nauyi, bincikensu na baya ya kai shi wajen ninki biyu. Saboda haka jan lambar nan da ba ta da tushe tana iya sa mutum ya sayar da gaske. Koren kuma yana da tasa illar. Richard Thaler ya yi bayanin yadda mutane ke ware kuɗi aljihu-aljihu a ƙwaƙwalwarsu: wanda suka sha wahala suka tara suna lallaɓa shi, wanda suke ganin tsintuwa ce sai su yi sakaci da shi. Sabon hannun jarin yana faɗawa aljihun tsintuwa. Wani ya sayar ranar farko ya yi cefane, wani ya bar shi ko ya zube rabi bai damu ba, tunda a ransa "ai ba da kuɗina na saya ba". Da kuɗinsa ya saya.

Sabon Shiga: Na gane wannan, Allah ya ƙara basira. Amma ai an ce bincike ya tabbatar sababbin kamfanonin da aka cire suna doke kasuwa. Ba ni na ƙirƙira ba.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne, kuma dalilin a fili yake. Manyan asusun da ke bin jerin S&P 500, wato jerin manyan kamfanonin Amurka 500, ba su da zaɓi, abin da ke cikin jerin kawai suke riƙewa. In aka miƙo musu ƙaramin kamfani da bai shiga jerin ba, dole su zubar da shi ko nawa ne farashin. Su ba ruwansu da kyau ko muni. Masu wayo sai su tsaya a ƙasa su tara. Shi ya sa Vernova ya tashi.

Injiniya: Ɗan'uwa, rabin maganarka daidai ne, amma misalin bai hau ba. Vernova tun ranar farko aka sa shi cikin S&P 500. GE HealthCare ma haka. Babu wani asusu da aka tilasta wa zubar da su. In misalin sayarwar dole kake nema, duba Kyndryl da WK Kellogg.

IBM ya cire Kyndryl a Nuwamba 2021, sashen da ke kula da manyan kwamfutocin kamfanoni ke nan, 1 a kan kowane 5. Ɗauki mai hannun jarin IBM 100, wajen dala 12,000 a lokacin. An ba shi Kyndryl 20, kuɗinsu ɗari biyar da wani abu. Ko kashi 5 cikin ɗari na abin da yake riƙe da shi bai kai ba. Wa zai zauna karanta rahoton shafi ɗaruruwa saboda wannan? Sannan masu IBM yawancinsu rabon riba na kowane wata uku ya zaunar da su, Kyndryl kuwa ba ya rabawa. Bai shiga S&P 500 ba. Shi kansa IBM ya riƙe kashi 19.9 da kowa ya san zai sallama, ya kuwa sallama cikin shekara guda. Masu sayarwa ta ko'ina, mai saye sai an nema. Daga dala ashirin da wani abu ya gangaro ƙasa da 10 a 2022. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura 30.

WK Kellogg, mai hatsin karin kumallo, a Oktoba 2023 aka cire shi daga kamfanin Kellogg, 1 a kan kowane 4. Ya fara wajen dala 13 zuwa 14, cikin 'yan makonni ya sauka wajen 10. A Yulin 2025 Ferrero na Italiya ya amince ya saye shi a dala 23.

Ɗan Maraɗi: To ai ka ƙarfafa maganata ke nan Injiniya. Na karɓi gyara kan Vernova, amma dabarar tana nan: jira su zubar, ka kwashe.

Bazazzagiya: Ku yi haƙuri in shigo. Kwashe yaushe? Sayarwar dole kwanaki ce, in ta yi tsawo makonni. Kyndryl shekara guda cur ya yi yana gangara. Wanda ya bi dabararka ya saya bayan wata ɗaya, yana ganin an gama zubarwa, sai da ya kalli kuɗinsa suna narkewa wata da watanni. Ba asusun S&P ne suka yi wannan ba. Kamfanin asara yake yi, kuɗin shigarsa na raguwa, ga 2022 shekara ce da kasuwar Amurka gaba ɗaya ta faɗi wajen kashi 19 cikin ɗari. Yanzu da muke kallon jadawalin daga ƙarshe, kowa gwani ne, yana nuna ƙasan ramin da yatsa. Mutum nawa ne suka iya zama a ciki?

Kuma ku daina zaɓo waɗanda suka yi kyau. Ina Warner Bros. Discovery? Afrilun 2022 kamfanin sadarwa na AT&T ya cire WarnerMedia aka haɗe shi da Discovery. Duk alamun da kuke lissafawa suna nan: masu AT&T da yawa dattawa ne 'yan fansho da ke son rabon riba, aka miƙa musu kamfanin finafinai da ba ya rabawa, wajen rubu'in hannun jari a kan kowane ɗaya. A lokaci guda aka rage musu rabon AT&T daga dala 2.08 a shekara zuwa 1.11. Ransu a ɓace, suka yi ta sayarwa. Mai wayo ya tara a wajen dala 24. Kafin shekara ta ƙare yana ƙasa da 10. Ashe dattawan da aka ce tsoro ne ya kore su, su ne suka tsira.

Maman Ilham: Anti kin fasa ƙwai.

Malam Akawu: Ta faɗi gaskiya. Binciken da ƙanenmu ya ji labari, mafi shahara shi ne na Cusatis da Miles da Woolridge, 1993. Sun bi kamfanonin Amurka da aka cire tsakanin 1965 da 1988, suka ga a matsakaici sun fi takwarorinsu har zuwa shekara uku. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sun gano ribar ta taru ne a waɗanda wani kamfani ya zo ya saye daga baya, kamar yadda Ferrero ya yi wa WK Kellogg. Matsakaici kuma na wanda ya sayi duka ne. Kai da za ka sayi ɗaya ko biyu, ba matsakaici za ka samu ba, abin da ka zaɓa za ka samu. Ƙari a kan haka, maganar ta shekara 30 a bainar jama'a. Abin da kowa ya sani a kasuwa ba ya daɗewa yana biya.

Alhajin Kwari: Ni ban san waɗannan Turawan ba, amma na san fitar da ɗa daga gandu. Uba ya ce wa ɗansa ka girma, ga gonarka, je ka ci gashin kanka. Mutanen gari ba sa tambayar ko yaron na da ƙoƙari, wannan daga baya ne. Abin da suke fara tambaya, wace gona aka ba shi, fadama ko tudu mai tsakuwa? Kuma bashin takin bara, wa aka bar wa? Akwai uban da ke fitar da ɗa don ɗan ya bunƙasa, akwai wanda ke fitar da shi don ya sauke wa kansa kaya. Ku gaya min wa aka ɗora wa bashi a waɗannan kamfanonin naku.

Injiniya: Allah ya ja da ran Alhaji, tambayar ke nan. AT&T ya fita da wajen dala biliyan 40 a cinikin nan, tsakanin tsabar kuɗi da bashin da ya sauke, sabon kamfanin Warner ya fara rayuwa da bashin sama da biliyan 50 a wuyansa. GE HealthCare ma sai da ya ciwo bashin sama da biliyan 8 kafin a sallame shi, sai dai shi yana da ribar da zai biya. Vernova kuwa akasin haka aka yi masa: an sallame shi da tsabar kuɗi sama da biliyan 3, bashi kuma kusan babu. Dalili, shi ne raunannen ɗa a gidan. Sashen makamashi mai sabuntuwa, wanda injinan iska ke ciki, asara yake tafkawa, a 2022 asarar ta haura dala biliyan 2. Da an ɗora masa bashi da bai kai labari ba. Larry Culp, wanda ya karɓi GE a 2018, shekaru ya yi yana sayar da kadarori yana biyan bashi kafin ya sanar da rabuwar a Nuwamba 2021.

A gefe guda, injinan nasu ba baƙi ba ne a wajenmu. Tashar wutar gaggawa ta Maiduguri da aka buɗe a 2023 injin GE ne a ciki, haka da yawa daga tashoshin wutar gwamnati na shirin NIPP.

Abu Sumayya: Tunda an zo kan bashi, ina da jan hankali ga masu tantance halacci. Hukuncin uwa ba ya bin ɗa kai tsaye. A ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani a kasuwa. Uwa tana iya tsallake ma'aunin, ɗan da aka lafta wa bashi ya faɗi, ko a samu akasin haka. Sana'ar ma tana canzawa: abin da yake ƙaramin sashe ne a cikin babban kamfani, bayan rabo yana iya zama shi ne kamfanin gaba ɗaya. Duk wanda aka zuba wa sabon hannun jari a asusu ya sake tantancewa, ya kuma tambayi malamansa.

Bazazzagiya: Malam, wannan ma wani rukuni ne na masu sayarwar dole da ba a lissafa ba. Asusun Musulunci in ɗan bai tsallake ba ai fita za su yi.

Abu Sumayya: Haka ne, sai dai ana ba su wa'adi, ba rana ɗaya ba.

Tsohon Ma'aikaci: Yara kuna ta Amurka, a nan gida ma an yi. Bayan Babban Banki ya soke tsarin banki-mai-komai a 2010, wasu bankuna suka koma kamfanin riƙo, wato uwa mai riƙe da rassa a ƙarƙashinta, UBA kuwa ya cire rassansa ya raba wa masu hannun jari: UBA Capital da yanzu ake kira United Capital, da Africa Prudential, da Afriland Properties. Biyun farko sun shiga kasuwar Legas a Janairun 2013. Bambancinmu da Amurka, su matsalarsu gaggawar sayarwa, mu tamu rashin sani. Na san abokan aiki da suka sayi UBA lokacin haukar hannun jari ta 2007, kasuwa ta rushe a 2008 suka jefa takardu a akwati suka yi fushi. Har yau wasu ba su san suna da kamfanoni uku da ba su taɓa saya ba, rabon ribarsu na can wajen rijistara yana jira. Mai irin wannan takarda a gida, ko ta marigayi mahaifinsa, ya bincika.

Maman Ilham: Baba Allah ya saka da alheri. Akwatin Abbanmu zan sa a buɗe.

Sabon Shiga: To ni dai har yanzu ban ji abin da ya kai Vernova 600 ba. In ba sayarwar dole ba ce, in ba kyauta ba ce, mene ne? Ai rabuwar ce ta fito da shi.

Injiniya: Rabuwar ta taimaka, ban musa ba. Da yana cikin GE, wanda ke son kasuwar lantarki sai ya haɗa da injin jirgi da na'urar asibiti, ga tarihin kamfanin da aka cire daga jerin Dow Jones na manyan kamfanonin Amurka 30 a 2018 aka mayar da rabon ribarsa santi ɗaya. Sunan kansa ya ishi mutane gudu. Amma babban abin daga waje ya zo. An sallame shi daidai lokacin da kamfanonin fasaha suka shiga gina manyan cibiyoyin kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira, masu shan wuta kamar gari guda. Masu ƙera manyan injinan gas a duniya ba su da yawa: Vernova, Siemens Energy, Mitsubishi. Oda ta yi musu yawa har sai an yi layi na shekaru. Siemens Energy ma, wanda tun 2020 aka cire shi kuma ya kusa durƙushewa a 2023, ya yi tashin gwauron zabo a daidai wannan lokacin. Ka ga ke nan iskar ta kowa ce a sana'ar. Ita ce ba ka da tabbacin Honeywell zai samu. Kuma ranar da Honeywell ya yi sanarwar, farashinsa sauka ya yi, don tun Nuwamba 2024 da kamfanin zuba jari na Elliott ya shigo da sama da dala biliyan 5 yana matsa lamba a raba, masu saye saboda rabo sun riga sun saya.

Bazazzagiya: Ƙara masa da ranar 27 ga Janairun 2025. Labari ya bazu cewa kamfanin DeepSeek na China ya gina tasa ƙirƙirarriyar basirar da araha, aka ce to ashe ba a buƙatar wuta mai yawa haka. Nvidia, mai ƙera kayan kwamfutar da ƙirƙirarriyar basira ke aiki da su, ya faɗi wajen kashi 17 cikin ɗari. Vernova, mai ƙera injin gas, ya fi shi faɗuwa, wajen kashi 21 a yini ɗaya. Ba oda ɗaya da aka ce an soke ranar. Abin da ya canza shi ne masu riƙe da shi. A Afrilun 2024 yana hannun tsofaffin masu GE da suka gaji da asarar injinan iska, suna kallonsa a matsayin kaya. Wata tara bayan nan yana hannun masu bin duk abin da aka liƙa wa ƙirƙirarriyar basira, waɗanda labari ɗaya ke shigo da su, labari ɗaya ke fitar da su. Kamfani ɗaya, masana'antu ɗaya, ma'aikata ɗaya. Ni shi ya sa in na ga farashin sabon kamfani na tsalle, ba na fara tambayar me ya same shi. Ina tambayar su wa ke riƙe da shi yanzu, kuma me ya kawo su.

Ɗan Maraɗi: Amma wanda ya saya ranar 27 ɗin nan zuwa Yulin 2025 ya kusa ninkawa, Anti.

Bazazzagiya: Ya kusa. Kai ka saya ranar?

Ɗan Maraɗi: Ina jira ya ƙara sauka.

Alhajin Kwari: Allah ya ba da haƙurin jira.